Mai Sakata 'Yar Turkiyya

Ɗalhatu Sarkin Baka bai zo Dubai don kasuwa ba. 'Yarsa Nana Firdausi, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a can, ita ta aika masa da biza da tikiti don a cire masa yanar da ta rufe masa ido. An yi na dama, aka ce na hagu sai bayan sati shida. To, mutumin da ya shekara hamsin yana bin sawun dabba a dajin Kudaru ba a ajiye shi a hawa na bakwai a ce ya zauna ya kalli bango. Kwana uku ya daure. Ran na huɗu ya kafa hularsa ya sauko, ya yi ta tafiya har ya jiyo Hausa tana tashi daga wani ofishin kago a Al Buteen, ya yi sallama ya shiga kamar an aiko a kira shi.

Ofishin na Alhaji Maharazu ne, mutumin Fagge da ya shekara ashirin yana loda wa Kanawa kaya. Ɗaki ne guda, da babban sikeli a bakin ƙofa da kwalaye jibge har rufi. Duk abin da ya shigo, takalmi ne ko turare ko waya, sai an ɗora shi a sikeli an faɗi kilo. Bayan azahar 'yan kasuwa kan taru a nan su sha shayin karak, su jira a auna musu kaya. Cikin sati guda Ɗalhatu ya gaje kujerar da ke kusa da na'urar sanyi, kuma babu wanda ya ce masa tashi.

Ai ba a ce wa irinsa tashi. In ya ɗaga riga za ka ga inda ƙahon ɓauna ya shiga ta haƙarƙari ya fita, ya kuma tako da ƙafarsa har gida. Hannunsa na hagu yatsu uku ne, sauran biyun harba-ka-ruga ce ta fashe ta tafi da su tun yana saurayi. Sunan Sarkin Baka ma ba gadonsa ya yi ba. Maharban ƙauyuka bakwai ne suka zauna suka ba shi, shekarar da ya kashe kurar da ta hana mata zuwa rafi. Tun daga nan ko matansa ba su ƙara kiransa da wani suna ba. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma wannan sunan ya fi masa duk wata takarda da ake rataye wa a bango.

Hirarsa kuwa ko ta ina ta faro, a kan bindigarsa take ƙarewa. Mai sakata yake ce mata, don wani ƙarfe da ke gefenta kamar sakatar ƙofa. Ka ɗaga shi, ka ja baya, kwanso ya yi tsalle ya fita, ka tura, ka kwantar, harsashi ya hau. Yakan yi musu da hannu yana cewa ƙaras-ƙas, ƙaras-ƙas. Ya ce ba ta da tsada, ba ta da kwalliya, gindinta ma katako ne da ya sha man kaɗanya har ya yi baƙi. Ruwa ya doke ta, ƙasa ta shige ta, ka goge da gefen riga ta ci gaba da aiki. Shekara talatin da ɗaya tana hannunsa da lasisinta, ba ta taɓa cije masa ba ko sau ɗaya. Masu sarrafa kansu da yaran yanzu ke yabo, a wurinsa bindigar matsorata ce, ta wanda bai yarda da harbinsa na farko ba. Aibinta ɗaya, kunamarta tana da tauri, sai mai ƙarfin yatsa. Bara ne sakatar ta tsage, maƙera uku suka gwada suka kasa, shi ya sa take kwance a ƙarƙashin gado.

Duk wanda ke ofishin yana jin daɗin hirar, ban da Dikko. Dikko sa'ansa ne, Bakano mai sayar da takalma a Kwari, kuma tun da ya ji cewa baƙon Bazazzagi ne ya sa shi a gaba. In Ɗalhatu ya ce ɓauna, Dikko ya ce ɗan maraƙin Fulani ne ya tsorata shi. In ya ce kura, Dikko ya ce karen maƙwabta ne. Shi kuma Ɗalhatu yakan ce Bakano bai san dawa ba sai wadda ake aunawa a mudu.

Ran wata Litinin Dikko ya zo da waya a hannu yana murmushi. Ya nuna masa wani bidiyo na wani Bature a gona, riƙe da sabuwar mai sakata ƙirar Turkiyya. Maharazu ya fassara musu abin da mutumin ke cewa: wai ya yi wata shida da ita, ba ta da nauyi, sakatarta tana tafiya sumul, kuɗinta kuma bai kai na wayar kirki ba, matsalar kawai in ta shigo kanti ba ta kwana. Ɗalhatu ya kanne idon hagu, ya kawo wayar dab da na dama, ya sa aka maimaita masa har sau huɗu. Ya ce wannan ƙanwar tasa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba zai bar garin nan ba sai da ita.

Dikko ya yi dariya har da tari. Ya ce nan ba kasuwar ƙauye ba ce da ake kasa bindigogi kusa da masu daddawa. Baƙo ba ya sayen bindiga a Dubai, ko 'yan ƙasa masu gonaki a Hatta sai da takardu. Maharazu ya ce gaskiya ne, a bar maganar. Da a nan aka tsaya da shi ke nan, amma Dikko ya ƙara da cewa dama sarautar baki ce, a sauya wasali ɗaya a gyara sunan.

Ɗalhatu ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce wa Dikko ya danna wurin ɗaukar murya.

"Ni Ɗalhatu na faɗa, kowa ya ji. In la'asar ɗin Alhamis ta yi ban ɗora bindiga 'yar Turkiyya a kan sikelin nan ba, wadda na saya da hannuna a kasuwar Deira, kada a ƙara kirana Sarkin Baka, nan da gida. Ka tura wa mutanen Kudaru da kanka."

Dikko ya adana muryar. Maharazu bai hana ba, don ya san abin ba mai yiwuwa ba ne, ya ɗauka kafin Alhamis za a mance.

Washegari da hantsi Ɗalhatu ya shiga Deira. Larabcinsa na aikin Hajji ne, kalma ba ta fi goma ba: fi akwai, mafi babu, kam nawa, bukra gobe, khalas shi ke nan. Ya ce sun isa, ai dabba ma ba ta jin Hausa amma ya yi shekara hamsin suna fahimtar juna. Ya fara da masu kayan ƙarfe, ya sunkuya ya ce a hankali, fi bindiga? Wani ya kaɗa kai, wani ya nuna masa ƙofa. Wani Ba'indiye da ya ga yadda yake yi da hannu ya kai shi shagon kayan wasan yara, aka miƙo masa ta roba mai fesa ruwa. Ya mayar musu ba tare da fushi ba. Maharbi ya san ranar farko ta gano hanya ce.

Ran Laraba ya gangara wajen kasuwar kayan ƙamshi da ke bakin ruwa, inda kwale-kwalen abra ke sauke mutane. Rana ta yi zafi, ƙafa ta gaji, ya zauna a kan wani benci a ƙofar wani shago mai buhunan kanumfari da busasshen lemun tsami da dabino. Mai shagon dattijo ne Bafarishe mai farin gemu. Ya miƙo masa ruwa ba tare da ya roƙa ba. Da Ɗalhatu ya ɗaga kai zai yi godiya, sai ya hango hoto a bango, mutum da shaho a hannu cikin sahara. Nan take ya ce a ransa ya iso. Mafarauci ba ya ɓuya ga ɗan uwansa.

Ya matso, ya rage murya, ya ce, fi bindiga?

Dattijon ya karkato kunne. Ɗalhatu ya maimaita. Sai fuskar mutumin ta washe, ya ce, bunduk? Fi, fi. Ɗalhatu ya lura da yadda ya karya kalmar, amma ya san kowace ƙabila da yadda harshenta ke lanƙwasa abu. Ya ce, Turkiyya? Mutumin ya sumbaci yatsunsa ya ce Turki lamba wan, ya nuna da hannu cewa na shago ya ƙare, khalas, amma akwai a sito, bukra. Wannan ma ya yi daidai da abin da Baturen bidiyo ya faɗa, ba ta kwana a kanti. Don ya tabbatar, Ɗalhatu ya yi masa ƙaras-ƙas da hannu. Dattijon ya yi dariya, ya dunƙule hannu ya buga a tafinsa ya ce, kas. Suka yi dariya tare kamar sun yi shekara da sanin juna.

Sai mutumin ya ce, kam kilo?

Da wani ne da ya rikice a nan. Ɗalhatu kuwa ya yi sati biyu a ofishin Maharazu yana kallon yadda ake auna agogo da takalmi da injin niƙa, ya riga ya gane cewa a garin nan komai da kilo ake saye. Ya tuna nauyin tasa a kafaɗa, ya ƙara na harsasai, ya ɗaga yatsu biyar. Da aka nuna masa kuɗin a kalkuleta sai da ya sake dubawa, don arahar ta wuce yadda aka faɗa. Ya biya, ya nuna da hannu cewa a naɗe ta ruf, kada ido ya gani. Dattijon ya ɗora hannu a ƙirji.

Da safen Alhamis, suna karyawa, ya gaya wa Nana Firdausi. Ya zaci za ta yi murna. Sai ta ajiye cokali, fuskarta ta sauya. Ta ce masa a ƙasar nan ba a wasa da wannan, mutum yana iya shiga kurkuku a kansa, ita kuma a kore ta daga aiki a sa ta a jirgi, idonsa na hagu ma ba za a yi ba. Ta roƙe shi don Allah ya bar kayan a inda suke. Ya saurare ta har ta gama, don yana ji da ita, ita ce ta biyo zuciyarsa cikin 'ya'yansa. Sannan ya ce da rana tsaka ya saya, a shago mai ƙofa a buɗe, ba a lungu ba. Ya ce ido ɗaya ya ishe shi sauran kwanakinsa, amma ba zai sauka a Kudaru yara su ce masa Malam Ɗalhatu ba. Ta tafi aiki tana share hawaye.

Bayan azahar ya karɓo kayansa. Kwali ne gajere, an naɗe shi da baƙar leda an zagaye da tef. Gajartar ba ta dame shi ba, ya san sabbin ƙira ana kwance su gunduwa-gunduwa. Da ya girgiza ya ji kwacar-kwacar a ciki, sai ya ce Bafarishen nan ɗan halak ne, har da harsasai ya cika masa. Ya saɓa a kafaɗa ya ratsa Deira da shi a ƙafa. A wata mahaɗa ya wuce motar 'yan sanda, ya ɗaga musu hannu, su ma suka ɗaga masa.

Mutum tara ne a ofishin lokacin da ya shiga, don labari ya zaga. Nana Firdausi ma tana tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinta, ta nemi izini ta fito. Ya sauke kwalin a kan sikeli, abin da ke ciki ya yi ƙara, lamba ta nuna biyar da 'yan kai. Ya koma kujerarsa ya ce a ba shi shayi.

Dariyar da aka tanada ba ta fito ba. Wani mai turare ya tuna yana da alƙawari a Naif, ya zame. Biyu suka bi shi. Maharazu ya dubi kyamarar da ke saman ƙofarsa, ya dubi kwalin, gumi ya karyo masa duk da sanyin ɗakin. Ya ce Baba ya rufa masa asiri, shekara ashirin bai taɓa ganin cikin ofishin 'yan sanda ba, lasisinsa da abincin iyalinsa duk suna ɗakin nan. Dikko kuwa ya manne da bango, ya fiddo waya.

"Na yarda, Sarkin Baka. Wallahi na yarda. Ga muryar nan zan goge a gabanka. Ɗauke abin nan ka mayar inda ka samo."

To, a nan magana ta ƙare, ya ci. Da ya ɗauki kwalinsa ya fita, da har gobe ana ba da labarinsa a Al Buteen da murya ƙasa-ƙasa. Amma Ɗalhatu bai iya cin nasara a rufe ba. Ya ce kada a goge komai. Ya ce in bai buɗe ba, gobe Bakano zai ce tubali ne a ciki. Nana Firdausi ta ce, Baba. Ya ɗaga mata hannun nan mai yatsu uku. Ya ɗauki wuƙar yanka tef daga teburin Maharazu, ya tsuguna, ya farke ledar, ya tsaga bakin kwalin da ƙarfi.

Wasu 'yan ƙwallaye masu ruwan ƙasa suka zubo, suka gangara ƙarƙashin kujeru. Girmansu kamar gurjiya, da ɓawo mai tauri mai sheƙi. Ya tura hannu har ƙasan kwalin ya juya. Babu ƙarfe, babu katako. Su ne dai har ƙasa.

Ɗalhatu ya tsaya yana kallon kwalin kamar ranar da ya ja kunama a gaban ɓauna ya ga ba ta faɗi ba. Sai Dikko ya fashe da dariya. Ya zame daga jikin bango ya zauna a ƙasa, yana nuna kwalin yana kasa magana. Waɗanda suka gudu suka dawo da sauri. Da ƙyar ya iya cewa Bazazzagi ya sayo gyaɗar Larabawa zai je harbin kura da ita.

Nana Firdausi ta durƙusa tana tsince su, ba ta san ko ta yi hamdala ko ta yi kuka ba. Ta juya kwalin ta ga rubutun da leda ta rufe. Ta matso kusa da kunnen mahaifinta ta gaya masa a hankali cewa wani ɗan itace ne da ake ci, ana fasa shi kamar gyaɗa, da Larabci sunansa bunduk, shi ya sa mai shagon ya ji kamar abin da ake tambaya ke nan. Ta ce su tafi gida.

Bai tashi ba. Ya ce ta maimaita sunan. Ta maimaita. Ya ce ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji, ta kuma karanta ƙasar da aka yi shi. Ta karanta, Turkiyya.

Sai ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara zaman hularsa. Ya ce wa Dikko ya kunna muryar nan da bai goge ba. Aka kunna, ɗakin ya saurara. Ɗalhatu ya juya wurin Maharazu ya ce shi ne mai ɗaki, shi ne mai jin Larabci, ya raba gardama. A kan sikeli take ko ba a kai ba? A Deira aka saya ko a Kano? La'asar ta yi ko da saura? Kuma mutanen garin nan, in suna son wannan abu, me suke cewa a ba su?

Dikko ya yi tsalle ya ce ai mai sakata aka yi magana. Maharazu ya sa aka sake kunnawa, babu sakata a ciki. Dikko ya ce bunduk daban, bindiga daban. Maharazu, wanda a lokacin da za a ce ya yi wa Ɗalhatu kyautar kwantena da ya yi saboda daɗin da ya ji, ya ce shi dai a iya saninsa kalmar tamu daga wajen Larabawa ta zo, su bindiga bundukiyya suke ce mata, gida ɗaya suka fito da wannan. Ya ce wanda ya shiga kasuwar mutane ba tafinta, ya ambaci abu aka ba shi abin da ke amsa sunan, ba a ce ya yi ƙarya ba. Sauran suka goyi baya, rabi don gaskiya, rabi don su ga yadda Dikko zai yi.

Ɗalhatu ya koma kujerarsa. Ya ce dama ya san abin da ke ciki tun a hanya, ya so ne ya ga wanda zai fara gudu cikin Kanawa, kuma ya gani. Nana Firdausi ta dube shi, shi kuma ya dubi shayinsa. Ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya sa a tsakanin yatsun hannun dama ya matse, ya ƙi fashewa. Ya ɗauko ƙarfen da ake danne takardu da shi ya buga, ɓawon ya tsage. Ya tauna a hankali, ya ce ba laifi, tana da mai, amma ba ta kai gyaɗar Zazzau ba.

Dikko ya ɗauki ɗaya daga ƙasa ya sa a baki ya gasa mata haƙori, ya yi saurin fiddo ta yana riƙe da muƙamuƙi. Ya zauna yana harare-harare, kowa na fasawa yana ci ban da shi. Can dai ya miƙa hannu ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Miƙo min ƙarfen nan."

"Wa kake yi wa magana? Mu da yawa ne a ɗakin."

Dikko ya ja tsaki, ya dubi rufi, ya dubi Maharazu ko zai cece shi. Maharazu ya ci gaba da tauna.

"Sarkin Baka, miƙo min ƙarfen."

Ɗalhatu ya bari sai da ya fasa guda biyu ya cinye, sannan ya miƙa masa.